Wasiƙar da na rubuta sau biyu

Laraba, bayan sallar isha'i.

Tun kafin in gama karyawa yau saƙon mai sayen kayanmu da ke Mersin, wani birni mai tashar jiragen ruwa a Turkiyya, ya shigo wayata, domin agogon Turkiyya yana gaban namu da awa 2, kuma a lokacin da muke neman takalmi mu fita daga gida su sun riga sun zauna a ofis. Saƙon bai wuce layi 3 ba. Ya gaishe ni da kalma ɗaya, ya tambayi ranar da kwantenoninsa 2 na riɗi za su hau jirgi, sannan ya tuna mini cewa ranar ƙarshe ta lodi da aka rubuta a takardar lamunin banki, wato alkawarin bankinsa na biyanmu in mun cika sharuɗɗa, saura kwana 9. A tsaye na karanta shi har sau uku, shayina yana hucewa a kofi.

Abin da bai sani ba shi ne, riɗin yana nan jibge a sitonmu na Dawanau. Shekaranjiya mai duba kaya ya soka buhuna ya ɗebi samfur, ya ce danshi da tsakuwa sun wuce abin da muka sa hannu a kai, saboda haka sai an mayar da shi inji an kuma shanya. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin wajen tan 19, wato buhunan da za a farke a sake ɗinkewa ba kaɗan ba ne. Bayan wannan ga hanyar Legas, kusan kilomita 1,000 a tirela, ga kuma jiran layi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wanda ba mai hankalin da ke yin alkawari a kansa. Ko 'yan dakon da ke cin ƙosai a bakin sito sun san kwana 9 ba za su isa ba.

Da na nuna wa Alhaji, maigidana a wurin aiki, saƙon, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, rubuta masa cewa kaya suna hanya, in Allah ya yarda za su iso." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na koma teburina na cika shafi guda da Turanci, amma da aka zo wajen aikawa sai hannuna ya yi nauyi. Na buga takardar, na goge sunaye da alƙalami, na ninke ta a aljihu domin yau ranar ajinmu ce.

Wata huɗu ke nan ina zuwa wannan aji na Turancin kasuwanci, sau uku a mako, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Abokaina sun yi mini dariya da farko, wai mutum da digirinsa, da sakamako mai kyau a Turancin WAEC, ya koma benci. Ni kuwa na san abin da ya kora ni. Bara a waya wani mai saye ya ce 15 na ji 50, domin a Turanci lambobin biyu kusan sautinsu ɗaya, bambancin yana inda ake danna murya, kuma kunya ta hana ni cewa ya maimaita. Sai da imel ya biyo baya asirina ya rufu. Ranar da na shiga ajin aka gwada ni da ma'aunin nan na Turai mai matakai 6, daga A1 zuwa C2, aka ajiye ni a B1. Raina ya sosu, amma ban yi musu ba.

Mu 12 ne a ajin yau, har da ma'aikatan banki biyu, da wata mai sayar da turaren wuta ta intanet, da wani saurayi da ke neman aiki a ƙungiyar agaji. Darasin ya faɗo daidai kan ciwona, wato yadda ake isar da labari marar daɗi ga abokin ciniki. Na miƙa wa Malama takardata, ta nemi izinina, ta karanta wa aji a fili. Ta bi layukan da yatsa tana ƙirgawa, sai a layi na 11 ta tarar da maganar riɗi. Kafin nan na tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa da ta ma'aikatansa, na yaba daɗewar zumuncinmu, na roƙi alfarma sau biyu da irin Turancin durƙuson nan da aka koya mana a sakandare na neman aiki a ma'aikatar gwamnati. Da ta kai ƙarshe ta ɗago kai ta tambayi aji, "Wa zai faɗa mini ranar da kayan za su hau jirgi?" Aka yi tsit. Babu ranar a ciki, sai "nan ba da jimawa ba" har sau uku.

Ta ce nahawuna ba shi da aibu, ko kuskure ɗaya ba ta gani ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro, domin wasiƙa ce mai kyan gani da ba ta ce komai ba. Ta rubuta a allo yadda take so mu jera magana: abin da ya faru a layin farko, dalilinsa a taƙaice ba tare da ɗora laifi a kan direba ko gwamnati ba, sabuwar ranar da muka tabbatar za mu iya cikawa, sai abin da muke so mutumin ya yi. Ban haƙuri sau ɗaya ya isa, in ji ta, domin idan ya yi yawa mai karatu zai fara zaton akwai wata ɓarnar da ake ɓoye masa. Ta kuma gargaɗe mu da mu riƙa rubuta sunan wata da haruffa, tunda 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Baturen Ingila kuwa 3 ga Afrilu.

A nan na ɗan ja da ita. Na ce, "Malama, a wurinmu wanda ya faɗo maka da buƙata ba gaisuwa ai marar tarbiyya ne, kuma mutumin nan Musulmi ne, shi ma yana cewa in sha Allahu." Ta yi murmushi ta ce ba ta hana ni gaisuwa ba, kuma Baturke zai fi jin daɗinta fiye da Bajamushe, amma layi ɗaya ya wadatar, kuma in sha Allahu a gefen kwanan wata take zama, ba a gurbinsa ba. Wannan maganar ta zauna mini. Na tuna dillalan Dawanau waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, amma sun iya karanta fuskar mai saye, sun san lokacin yin shiru, sun san yadda ake cewa albarka ba tare da an ɓata zumunci ba. Abin da littafinmu yake kira ƙwarewar mu'amala, da sauraro da lallashi da kare mutuncin abokin magana, ba baƙo ba ne a gidanmu. Abin da ya ɓace mini shi ne, a kasuwa fuska da murya suna cike giɓin da baki ya bari, a imel kuwa babu fuska, abin da ka rubuta shi kaɗai ne zai isa Mersin.

Daga nan aka haɗa mu biyu-biyu mu gwada a baki. Ɗaya daga cikin ma'aikatan bankin ta zama mai saye, kuma ba ta raga mini ba ko kaɗan. Da na fara kewaye-kewaye sai ta katse ni ta ce rana take so. Na ce mako uku. Ta maimaita abin da na faɗa domin ta tabbatar, kamar yadda aka koya mana, sannan ta fita daga wasan ta yi mini bayani da Hausa cewa banki takardu yake dubawa ba kaya ba, kuma idan kwanan watan da ke kan takardar shaidar lodin jirgi ya wuce ranar da aka ƙayyade, bankin mai saye yana da ikon ƙin biya. Maganin shi ne mai saye ya nemi bankinsa ya gyara takardar lamunin tun yanzu, kuma ba zai nema ba sai an gaya masa gaskiya. Cinikinmu na FOB ne, ɗaya daga cikin ƙa'idoji 11 na cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms 2020, wato kayan suna wuyanmu har sai sun hau jirgi a Legas, don haka ba mu da wanda za mu laɓe a bayansa.

Aiki mafi wuya na yau da Hausa na yi shi. Bayan magariba na sami Alhaji a ƙofar gidansa a kan darduma, na gaishe shi, na jira baƙinsa suka tashi. Ban ce masa ya yi kuskure ba, domin ba a haka da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da na jiyo game da banki da nake so ka auna mana." Na jera masa maganar kamar yadda Malama ta jera a allo, na ƙare da cewa in mun yi shiru kuɗinmu ne zai maƙale, ba na Baturken ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni kwana nawa nake ganin za su ishe mu. Na ce 21. Ya ce, "Sa 25, ka san Apapa."

Sabuwar wasiƙar layi 6 ce. Gaisuwa ɗaya, sai cewa kayan ba za su hau jirgi a ranar da muka yi alkawari ba saboda gwaji ya nuna danshi ya yi yawa kuma muna sake gyara su, sai sabuwar rana da sunan watan a rubuce, sai roƙon ya ƙara wa'adin takardar lamuni, da alkawarin aika masa sakamakon gwaji na biyu da hotunan buhunan ranar Asabar. Na aika da ƙarfe 8 da kwata, lokacin ƙarfe 10 ta wuce a can, saboda haka ba na sa ran amsa sai da safe. Aikin gida na Juma'a yana nan ban taɓa ba: in naɗi muryata ta minti 2 ina gabatar da kamfaninmu, in kuma kula da harafin p, wanda har yanzu yake kuɓuce mini ya koma f duk lokacin da na yi sauri. An ɗauke wuta, waya saura kashi 14, zan bar naɗin sai bayan asuba kafin yara su tashi.