Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har yarinyar nan ta samu gurbi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, sunan babbar 'yata ya fito. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta gurbin karatun injiniyan lantarki. Lokacin da ta kira ni ina rumfata a kasuwar Panteka ta Kaduna ina kwance janareta, hannuna duk baƙin mai, sai maƙwabcina ne ya kara mini wayar a kunne. Ban iya cewa komai ba sai hamdala.

Wannan karo na biyu ne. Bara ta ci 214 cikin 400 a JAMB, muka ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Masu neman injiniya sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, ga shi kuma kemistiri ya ba ta ruwa a WAEC. Shi kuwa wannan fanni sai da kiredit biyar, dole a cikinsu akwai Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Kwana biyu yarinyar nan ta yi a ɗaki ba ta ci abincin kirki ba.

Godiyata ta farko ga Malam ce, tsohon malamin lissafi na unguwarmu a Tudun Wada, wanda ya riga ya yi ritaya. Wata takwas yana zaunar da ita a zaurensa bayan la'asar, da ɗan allonsa jingine a bango, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Na kai masa buhun masara ya ce in mayar wa yara. Shi ya fahimtar da ni yadda jami'o'in tarayya ke raba gurbi: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko. Ya ce kada mu saki jiki da cewa mu 'yan gida ne, domin 'yan gidan ma dubbai ne, kuma a cikinsu ma mai maki ake fara ɗauka. Ta zana NECO kiredit ɗinta suka cika, bana ta ci 276 a JAMB, ta kuma yi ƙoƙari a jarrabawar tantancewa ta jami'a. Malam, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Sai yaron nan mai shagon intanet, wanda ya lura ba a ɗora sabon sakamakonta na NECO a CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbi ta cikinsa, ba. Da bai duba ba, da duk wahalar nan ta tashi a banza, don ba a ba wa wanda sakamakonsa ba ya ciki gurbi. Iyaye, don Allah ku sa 'ya'yanku su duba wannan da idonsu.

Abokan sana'ata na Panteka sun yi karo-karo sun haɗa mini kuɗin rajista ba tare da na buɗe baki ba. Uwargida kuma kwasar adashinta gaba ɗaya ta ajiye mini a gaba.

Ba zan manta da Yayana ba. Da ake ta cewa injiniya ba aikin mace ba ne, a nema mata wani abin, har na fara karaya, shi ya tuna mini cewa tun tana firamare take gyara mana soket da tocila a gida. Yaya, na gode.

Karatun shekara 5 ne, don haka muna roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan raka ta tashar Kawo ta kama hanyar Samaru, inda jami'ar take. Jiya da ta je yi wa Malam sallama, ya ɗauko tsohuwar kalkuletarsa da ya ɗaure da roba ya damƙa mata.