Takardun riɗi da suka fita da adireshina na makaranta

Imel ɗin da ka tura wa wani daga akwatinka, da sunan akwatin da yake kwance a ciki yake fita, ko da wani adireshi daban aka aiko wa shi tun farko. Wannan ɗan bayanin ne ya ci mana kuɗi a kakar riɗin bara, kuma har yau in na tuna sai na ji raina ya sosu.

Ni nake riƙe wa wani Alhaji takardu da lissafi a kasuwar Dawanau. Riɗi da zoɓo muke fitarwa waje. Adireshi uku gare ni: na kamfani mai ƙarewa da sunan kamfanin, na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da nake wa sakatare, sai nawa na Gmail da na buɗe tun ina makaranta, wanda ke ɗauke da wani laƙabi da abokai suka liƙa min da lambobi a ƙarshe. Don gudun shiga nan fita can, na saita biyun farko su riƙa zubo wasiƙunsu kai tsaye cikin nawa. An daɗe ana haka lafiya lau, saboda kusan duk abin da zan aika na kamfani a kwamfutar ofis nake aika shi.

Ranar da abin ya faru, ejan ɗinmu na Legas ya aiko da takardun kaya: takardar lodin jirgin ruwa, da shaidar lafiyar amfanin gona, da takardar neman biya. Ina cikin adaidaita sahu a titin Katsina Alhaji ya kira, ya ce masu sayen kaya a Turkiyya na jira, in tura musu yanzu yanzu. Na buɗe waya, ga wasiƙar nan, a samanta ma ga adireshin kamfani a matsayin wanda aka aiko wa. Na danna turawa, na sa adireshinsu, shi ke nan.

Shiru. Kuɗi ba su shigo ba, amsa ba ta zo ba. Sai can mutumin ya kira Alhaji ta WhatsApp, ya ce wani da ba su sani ba ya aiko musu da takardunmu daga adireshin Gmail, har da lambar asusun banki wadda ba ita suka saba biya ba, don haka sashen kuɗinsu ya dakatar da komai. Ga inda tsautsayin ya haɗu: da gaske mun sauya asusun dala a lokacin, kuma wannan ce takarda ta farko da ta fita da sabuwar lamba. Sabon adireshi, sabon asusu, takardu na gaskiya. Da irin wannan siffar ce 'yan damfara ke kwashe kuɗin kamfanoni a duniya, kuma in aka ce Najeriya, kowa ya san kunnuwa a tsaye suke. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Kamar ka aiki yaron da ba a taɓa gani ba ne ya karɓo maka miliyoyi, ya kuma ce a ba shi a hannu.

Alhaji bai ɗaga murya ba, wanda da ya yi faɗan ma da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, wane ne wannan mai laƙabin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Kafin su saki kuɗin sai da aka yi kiran bidiyo, aka aika wasiƙa mai hatimi da sa hannu, aka nemo tabbaci daga banki. Duk wannan lokacin dillalan da suka kawo mana kaya daga Jigawa suna zarya a ƙofar sito, riɗi kuma yana ta tashi a kasuwa. Kayan da muka yi niyyar saya na gaba, a gabanmu wasu suka ɗauke.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. A kwamfuta ake yi, cikin saitin Gmail, sashen asusu, wurin da aka rubuta Send mail as. Za ka sa adireshin kamfanin, da sunan sabar da ke fitar da wasiƙunsa, wato babbar kwamfutar da wasiƙun kamfanin ke bi ta cikinta, da lambar tasha 587 ko 465, da kalmar sirri, sannan a aiko da lambar tabbatarwa zuwa wancan adireshin. Har adireshi 99 ake iya ƙarawa. Daga nan layin From, wato wurin da ke nuna adireshin mai aikawa, zai ba ka zaɓi. A ƙasa kuma akwai inda za ka zaɓi a riƙa amsa wasiƙa da adireshin da aka aiko ta gare shi, maimakon wanda aka kafa a matsayin na dindindin. Ka kunna shi. Amma ni ban ƙara miƙa wa wani saiti amana ba. A kwamfuta, in kana amsawa ko turawa a ƙasan wasiƙa, layin From a ɓoye yake sai ka danna wurin sunan mai karɓa ya buɗe. Ina danna shi kullum, ko gaisuwar Juma'a zan tura.

Kada kuma wani ya ce zai yi dabara ya sauya sunan da ke bayyana kawai, ya rubuta sunan kamfani a kan adireshinsa na kansa. Wannan ya fi komai kama da damfara. Dole wasiƙar ta bi ta sabar kamfanin, domin sabar mai karɓa tana bincika ko wanda ya aiko yana da izinin amfani da sunan, ta hanyar abin da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsananta wannan binciken, kuma wasiƙar da ta faɗi jarrabawar tana iya ƙarewa cikin akwatin wasiƙun shara ba tare da kowa ya gan ta ba.

Sa hannun ƙasan wasiƙa ma kowane adireshi da nasa ake saitawa. Tawa wasiƙar da ta je Turkiyya, a ƙasanta addu'a ce da lambar wayata, babu sunan kamfani ko ɗaya. Na kuma mayar da lokacin janye saƙo daga daƙiƙa 5 zuwa 30, wanda shi ne iyakarsa. Da ina da wannan ranar ma ba zai cece ni ba, tunda ban san akwai abin janyewa ba.

Daga baya dai na kashe zubowar wasiƙun kamfani cikin akwatina gaba ɗaya. Na sa asusun kamfanin a waya a matsayin asusu mai zaman kansa, abin da aka aiko masa ya zauna a cikinsa, in za a tura ya fita daga can. Abokan aikina na cewa na cika wahalar da kaina da sauya asusu sau goma a wuni. Su ba su tsaya gaban Alhaji suna bayanin laƙabin makaranta ba.

Mutanen Turkiyya ba su bar mu ba, alhamdulillahi, amma tun daga lokacin ba sa biyan ko sisi sai sun kira Alhaji ta bidiyo an karanta musu lambar asusu ɗaya bayan ɗaya. Ni nake riƙe wayar, ni nake karantawa.