Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jar Mota Ba Ta Kashe Wuta

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba daga shekarar da aka mayar da ni sashen horar da sababbin ɗauka. Ku yi haƙuri, shekarun nan babu abin faɗi a cikinsu sai fareti da naɗe mesa, don haka zan tsallake su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne darasin da na fi jin daɗin koyarwa a ajin, wato yadda birnin Landan ya kafa hukumarsa ta kashe gobara, tare da maganar Kawu, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya san gidanmu ya ji ta a bakinsa: jar mota ba ta kashe wuta. Ya riga ni shiga aikin kwana-kwana, bai taɓa taka Ingila ba, amma tarihin da zan kawo kusan duk sharhin maganarsa ne.

Bari in fara da lissafi, saboda masu zagin 'yan kwana-kwana wai sun zo babu ruwa. Tankin motar famfo ta yau da kullum yana ɗaukar tsakanin lita 1,300 zuwa 2,000. Mesa guda mai faɗin milimita 45, idan an buɗe ta sosai, tana iya cin lita 400 a minti ɗaya. To ku raba da kanku. Minti uku zuwa biyar, tanki ya bushe. Idan mesa biyu aka ja, rabin haka. An yi tankin ne don a fara aiki kafin mutum guda cikin ayarin ya ruga zuwa famfon gobara na bakin titi, ya ɗaga murfi, ya ɗaura bututun tsaye, ya murɗa makulli a hankali ya zubar da ruwan farko mai yashi, sannan ya jona da mota. Idan famfon nan babu shi, ko yana nan amma bututun ƙasa a bushe yake, to da sabuwar mota da tsohuwa duk ɗaya ne.

Mutanen Landan sun koyi wannan da tsada. Ranar 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a wani gidan burodi a layin Pudding. Kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje kimanin 13,200 da coci 87, har da babban cocin St Paul. Abu biyu nake sa ɗalibai su riƙe. Na farko, injin da ke ɗebo ruwa daga kogin Thames a ƙarƙashin Gadar Landan yana cikin abubuwan da suka fara ƙonewa, ruwan unguwar ya yanke tun ana farkon faɗa. Na biyu, magajin gari Thomas Bloodworth ya yi ta jan ƙafa wajen ba da umarnin rushe gidajen da ke gaban wutar, yana tunanin wa zai biya masu su. Da ƙarshe sai da aka sa albarushi aka tarwatsa layukan gidaje, iska kuma ta lafa, sannan wutar ta tsaya. Ga rashin ruwa, ga rashin mai yanke hukunci a kan lokaci.

Ko da hakan ta faru, ba gwamnati ce ta kafa ayarin kashe gobara ba, kamfanonin inshora ne. Kowane kamfani ya ɗauki mutanensa, yawanci masu tuƙa kwale-kwale a kogin, ya ɗinka musu riga mai launinsa, ya liƙa tambarin ƙarfe a bangon gidan da ya yi wa inshora. Ana yawan ba da labarin cewa idan suka zo ba su ga tambarinsu ba sai su naɗe hannu su bar gidan ya ƙone. Ni ba na koyar da shi haka. Gidan da ba shi da inshora yana manne da wanda ke da ita, kuma dokar da aka yi a farkon shekarun 1700 ta sa lada ga injin da ya fara isowa, da na biyu, da na uku, ko gidan wane ne. Abin da ya fi damun su shi ne bututun ruwan garin na kututturen itace ne, kuma ba kullum ruwa ke gudu a ciki ba. Sai an je an tado ma'aikacin kamfanin ruwa ya buɗe, a tona titi, a huda bututun, ruwa ya taru a rami a zuƙa, in an gama a toshe da turke.

A nan hankalina ke tsallakawa zuwa 1940, ku bi ni, za mu dawo. Daren 29 ga Disamba na shekarar, jiragen Jamus sun yi wa tsakiyar Landan ruwan bama-baman ƙone-ƙone. Manyan bututun ruwa sun fashe, kogin Thames kuma ya janye ƙasa sosai a daren. Wanda bai taɓa zuƙar ruwa daga kogi ba zai ce ai ga kogi nan. Injin zuƙar ruwa ba ya iya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce mita 10 ko da a takarda, a aikace kuwa da ka haura mita 7 ya fara gazawa. Ruwa ya janye, tazarar ta ƙaru, matacin da ke bakin mesar zuƙa ya nutse cikin laka ya toshe. Ko ƙaramar kafa ce a mahaɗin mesar, iska ta shiga, famfo ya yi ta gurnani babu ɗigo. Injina na nan birjik a daren, ruwan sa musu ne ya yi ƙaranci. Daga baya ne aka mayar da ramukan gidajen da bam ya rusa matattarar ruwa, aka shimfiɗa bututun ƙarfe a gefen titi. Wani abin takaicin kuma, ayarin da suka zo agaji daga wasu garuruwa sun tarar mahaɗin mesarsu bai dace da na masu masauki ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa a watan Agusta 1941 aka haɗe ƙananan hukumomin kashe gobara kusan 1,600 na ƙasar suka zama guda, aka daidaita kayan aiki da muƙamai, kafin a mayar da su hannun ƙananan hukumomi a 1948.

Mu koma baya ga mutumin da nake ganin shi ne uban aikin nan, James Braidwood. Yana da shekara 24 aka ba shi shugabancin ayarin birnin Edinbura na Sikotland a 1824. Dubi waɗanda ya ɗauka aiki: magina, kafintoci, masu rufin ɗaki, masu gyaran famfo. Mutanen da suka san inda gini ke ɗaukar nauyi da inda zai fara karyewa. Kafin shi, al'adar ita ce a tsaya a titi a yi ta watsa ruwa ta taga. Shi ya ce a shiga, a sunkuya ƙasa da hayaƙi, a kai ruwan gindin wutar, kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai. Ruwan da aka watsa wa hayaƙi daga nesa asara ne. Da Kawu ya ji wannan da ya gyaɗa kai, don shi ma yakan ce mini, "Yaro, in ba ka ga abin da ke ci ba, rufe bakin mesa."

A farkon 1833 kamfanonin inshora goma suka haɗe ayarinsu a Landan, suka ɗauko Braidwood ya shugabance su. Mutum 80 kacal, ga birnin da ya haura mutum miliyan ɗaya da rabi. A shekara ta gaba ginin majalisar dokoki ya kama da wuta. Ya ga ba zai iya ceton duka ba, sai aka tattara ƙarfi a kan babban zauren Westminster, kuma zauren yana nan tsaye har yau. Wannan zaɓen, na sanin abin da za ka bari ya ƙone, shi ne abin da ya fi wuyar koya wa sabon hafsa.

Ajalin Braidwood ya zo ranar 22 ga Yuni, 1861, a gobarar titin Tooley. Rumbunan ajiya ne a bakin kogi, cike da kitse, mai, auduga da rama. An bar ƙofofin ƙarfe da ke raba rumbunan a buɗe, narkakken kitse ya malala yana ci har a kan ruwa. Bango ya faɗo masa. Wutar ta yi mako biyu kafin ta mutu. Kamfanonin inshora suka ga asarar ta fi ƙarfinsu, suka sanar da gwamnati ba za su ci gaba da ɗaukar nauyin birni ba. Aka yi doka a 1865, ranar 1 ga Janairu 1866 hukuma ta zama ta jama'a a ƙarƙashin Kyaftin Eyre Massey Shaw, ana biyan ta daga harajin gidaje, da kason gwamnati, da na kamfanonin inshora. Ku lissafa daga 1666: shekara 200 cur. Sauran ba sai na ja ba. Shaw ya ƙara tashoshi da injina masu aiki da tururi, a 1904 hukumar ta samu sunan da take amsawa yanzu, wato London Fire Brigade, a 1921 aka sallami dawakai na ƙarshe, a 1937 aka buɗe lambar kiran gaggawa ta 999 bayan wata gobara a titin Wimpole da ta kashe mata biyar.

Yau hukumar tana ƙarƙashin kwamishina, shi kuma yana ba da bahasi ga magajin garin Landan. Tashoshi 102 ne a tudu, da guda ta kogi a Lambeth. Kowace tasha rukuni huɗu ne masu karɓa-karɓa: ja, fari, shuɗi da kore, yini biyu, dare biyu, hutu huɗu. Kira yana shiga ɗakin karɓar kira da ke Merton, kuma tun kafin waya ta yi ƙara an riga an rubuta mota nawa za su fita ga kowane irin kira. Burinsu motar farko ta isa cikin minti 6 a matsakaici, ta biyu cikin 8. Hafsan da ke motar farko shi ne kwamanda har babba ya iso ya karɓa baki da baki. Idan wuta ta fi ƙarfinsa ba ya cewa "a turo agaji". Adadin motocin da yake so yake faɗa, ɗakin karɓar kira kuma ya matso da wasu su cike tashoshin da aka bari fayau. Da aiki ya faɗaɗa sai a raba wurin sassa, gaba, baya, gefe, a ware hafsa guda ba shi da aiki sai ruwa. A watan Janairu 2014 an rufe tashoshi 10 don rage kashe kuɗi, har da tsohuwar tashar Clerkenwell. Su ma can masu alƙalami ba su bar su ba.

Akwai wani allo da ake ajiyewa a bakin ƙofa wanda na fi daraja shi a kan kowace mota. Duk mai shiga hayaƙi da tukunyar iska a baya sai ya miƙa alamarsa mai ɗauke da sunansa. A rubuta matsin tukunyarsa da lokacin shigarsa. Ana cika tukunyar zuwa bar 300 (bar ma'aunin matsi ne), wanda a lissafi ya kai kimanin rabin awa, amma mai hawa bene da mesa a kafaɗa ba ya samun haka. Mai riƙe da allo ya san lokacin da usur ɗin gargaɗi zai busa wa kowa, kuma dole mutum ya fito kafin nan. In lokaci ya yi bai fito ba, ayarin ceto na tsaye a shirye. An tsaurara wannan tsari ne bayan gobarar kasuwar nama ta Smithfield a 1958, inda 'yan kwana-kwana biyu suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Allo da alƙalami da agogo, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ba a yanka musu ƙyalle.

Maganar yanka ƙyalle ta tuna mini wani babba da ba zan kama sunansa ba, yaransa na karanta wannan. A zamaninsa an sayo motoci, an jera su, an yi hoto. A kasafin shekarar kuma shi da hannunsa ya soke kuɗin duba famfunan titi, wai ba abin da ido ke gani ba ne. Aka maimaita masa maganar Kawu, ya ɗauka raini ne. Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ban janye ko kalma guda ba.

Ga abin da ya soke. Mai duba famfo yana bin layi-layi da makulli da littafi. Ya tabbatar alamar na nan, murfin bai maƙale ba, ramin bai cika da ƙasa ba, masu gyaran titi ba su binne shi da kwalta ba. Ya murɗa ya ga ruwa ya zo, ya duba zaren bakin bai ci ba, ya rufe a hankali, don rufewa da gaggawa tana sa ruwan ya doki bututu har ya fasa shi. A Landan famfunan nan sun haura 100,000. Alamarsu ƙaramin farantin rawaya ne mai harafin H: lambar sama faɗin bututun ƙasa a milimita, ta ƙasa kuma nisan famfon daga farantin a mita. Direban mota na ganin 75 a sama ya san mesa ɗaya zai iya ciyarwa da ƙyar, ya aika a nemo babban bututu a titi na gaba. A dogon bene kuma kowane mita 10 na hawa yana cinye bar ɗaya na matsin ruwa, ban da abin da gogayya ke ci a cikin mesa, shi ya sa doka a Ingila ta wajabta busasshen bututu a jikin ginin da ya haura mita 18, wanda mota za ta cika daga ƙasa. Shi ma idan ba a duba shi, ranar buƙata za a tarar an sace bakin tagullar da ke hawa na uku, ruwan duk ya zube a matakala.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga maganar dogayen gidaje da gobarar dogon benen Grenfell na Landan ta 2017.