Yadda muka kai 'yar kawuna Jahun, da abin da ya biyo baya

Ni dai malamar islamiyya ce a wani ƙauye can gefen Miga a Jigawa, ban karanci aikin lafiya ba ko na kwana ɗaya, amma yau in mace ta kwana tana naƙuda a unguwarmu ƙofar gidanmu ake fara bugawa, kuma duk dalilin 'yar kawuna ne.

Yarinyar nan haihuwar fari ce, ga ta ƙarama, naƙuda ta kama ta tsakiyar damina. Kwana uku tana abu ɗaya a ɗaki, ungozoma na cewa a ƙara haƙuri, surukarta na cewa ai kunya ce mai haihuwar fari ta yi raki, hanya kuma ruwa ya cinye ta ko mashin ba ya wucewa sai an tura. Da aka samu aka fitar da ita a amalanke ɗan ya riga ya koma. Mun yi kuka mun share hawaye muka ce ai ta tsira da ranta, ashe da sauran aiki. Ba a yi sati ba ta fara tashi tabarma a jiƙe, zani a jiƙe, ta wanke ta sake, kafin ta zauna ya kuma jiƙewa. Yoyon fitsari.

Wanda bai zauna da mai wannan lalura ba ba zai gane ba wallahi. Ba ciwon ne ya fi cin rai ba, zarnin ne, da yadda mutane ke matsawa in ta zo. Aka ware mata kwano, aka ware mata ɗaki, ta daina zuwa suna da biki, sallah ma sai ta riƙa tambayata wai Yaya tawa tana karɓuwa kuwa? Daga baya mijin ya ce ta je gida ta huta, kun dai san irin wannan hutun.

Wata huɗu muka yi muna zubar da kuɗi. Jiƙo, turare, wani mai magani a kasuwar Gujungu ran Lahadi ya sayar mana da garin da wai yana ɗaure mafitsara, kawu har tunkiya ya sayar. Wata nas ce a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ta ji labari ta kira ni gefe ta ce, malama wannan fa rami ne, ba jiƙon da zai ɗinke rami, ku kai ta Jahun, kyauta ake yi. Ni kaina ban yarda ba, na ce a ƙasar nan wa zai yi maka tiyata kyauta.

Ashe gaskiya ne. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana aiki a babban asibitin Jahun tun 2008, tare da ma'aikatar lafiya ta Jigawa, ɓangaren haihuwa da jarirai da kuma masu yoyon fitsari. Ba mu biya kuɗin aiki ba, ba mu biya na magani ba. Ranar farko da muka shiga ɗakin na ga mata jere kowace da robar fitsari da ɗan bokitinta a hannu suna hira suna dariya, wasu daga Bauci wasu daga Yobe har da masu Hausar Nijar, sai yarinyar nan ta riƙe min mayafi ta ce Yaya ashe ba ni kaɗai ba ce. Wata huɗu ban ga haƙorinta ba sai ranar.

A nan aka yi min bayanin da har yau nake maimaita wa mata a makaranta. In naƙuda ta yi tsawo kan ɗa ya makale a ƙugu, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wajen, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Shi ke nan fa. Ba maita, ba iska, ba wai ta yi wani laifi ba. Wani lokacin kuma yankan gishiri ne da wanzami ke yi, aska ta zarce ta taɓa mafitsara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ma'aikaciyar ta ce da mun zo da wuri, tun yoyon yana sabo, ana sa robar fitsari a bar ta makonni, wasu ƙananan ramukan su haɗe da kansu ba sai an yi aiki ba. Wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980 don aikin kuturta ya ƙare a ɗinkin yoyon fitsari, yana cikin waɗanda suka bi diddigin wannan hanya a kan dubban matan da ya duba a Katsina da Kano, ya rubuta, duniya ta ɗauka. Wato dai a jikin matan Arewa ya yi wannan bincike, mu kuma muna nan kusa muna sayen gari a leda.

An yi mata aiki, ta yi kamar sati biyu da roba, ana ta ɗura mata ruwa, sha ruwa sha ruwa har ta gaji da jin kalmar. Ranar da aka cire aka ce ta je ta yi fitsari da kanta, ta dawo zaninta a bushe, ni na fi ta kuka.

To amma kyautar nan akwai abin da ba ta biya. Kuɗin mota zuwa da dawowa, abincin mai jinya, wa zai riƙe min yara, wa zai duba min aji. Na lissafa abin da na kashe na ga in da bazawara ce mai sayar da ƙuli ba za ta iya ba, ko da an ce komai a asibitin kyauta ne. Da na dawo sai na kai maganar wajen matan da muke adashi, muka ce kowace Juma'a kowa ta ƙara naira 200 a gefe, wannan ba kwasa ake yi ba, na marasa lafiya ne. Littafin makaranta mai layi na saya nake rubutawa, shiga da fita, ina karantawa a gaban kowa ƙarshen wata, don maganar kuɗi tsakanin mata ba a wasa da ita. Daga baya na ji cewa ita ma MSF ɗin, da aka kafa a Faransa a 1971, yawancin kuɗinta daga ɗaiɗaikun mutane ne masu ba da kaɗan-kaɗan, na ce au, ashe su ma adashin suke yi.

Mun yi kurakurai kam. Na farko, ƙanena ya ɗauki hoton wata baiwar Allah ya sa a Facebook wai don a taimaka. An taimaka ɗin, amma kafin magariba hoton ya zagaya har wayar dangin mijinta, mijin ya rantse ba inda za ta, sai da Baffa liman ya taka da kansa sau biyu kafin ya haƙura. Tun daga nan ba hoto ba suna, ko a littafina alama nake sawa.

Na biyu, mun taɓa danƙa wa wani magidanci kuɗin mota a hannu ya kai matarsa, lokacin shuka ne, kuɗin ya tafi a taki. Na yi fushi sosai a lokacin, yanzu kam na daina ganin laifinsa ƙwarai, mutum ga gona ga yunwa. Direba muke biya kai tsaye yanzu, akwai mutum biyu masu mota da muka yi magana da su, ko ƙarfe biyun dare ne za su ɗaga waya, mu biya daga baya.

Jini ma wani babi ne. Mace na zubar da jini a ce a kawo mai bayarwa, sai ka ga maza sun fara duba ƙasa, wai in an ɗiba mutum ba ya ƙara ƙarfin noma. Sai da liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, shi ya fara miƙa hannu, sannan samari suka biyo. Yanzu akwai sunayensu da rukunin jininsu a bayan littafin.

Wanda ya fi wuya shi ne bayan an dawo gida. An ce mana wata shida ba kwanciyar aure, ba ɗaukar kaya mai nauyi, kuma in ciki ya sake shiga dole awo, dole haihuwa a asibiti a yi mata aiki a ciro ɗan, in ba haka ba ɗinkin na iya warwarewa. Ni mace ba zan tsaya gaban mijin wata in faɗi wannan ba, sai dai in gaya wa maigidana shi ya same shi a majalisa. Wasu suna ji, wasu a'a. Kuma ba kowa ce ke warkewa a aiki ɗaya ba, akwai wadda muka kai sau biyu har yanzu tana ɗan ɗiga in ta yi tari, muna dai saya mata sabulu da turare muna jiran ranar da aka ba ta ta koma.

Ita 'yar kawuna ba ta koma gidan farko ba, ta ce ta yafe amma ba za ta ba. Ta yi wani auren, da watan haihuwarta ya kama tun kafin naƙuda muka kwashe ta zuwa Jahun, aka ciro mata ɗiya mace. Yanzu ita ke riƙe min littafin in na yi tafiya, ta fi ni tsanani ma, jiya ta aiko yaro har gida wai Yaya ba ki zuba ta Juma'ar da ta wuce ba.