Gwajin shekarun jiki da ya tada mana hankali a gida

Wallahi har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Baba shekarunsa 68, amma lissafi ya fito wai jikinsa ya kai na ɗan 83, kafin ka ce kwabo ƙanwata ta tura a guruf ɗin gida na WhatsApp, Hajiya kuwa ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

PhenoAge ake ce wa lissafin, wata mai bincike Morgan Levine da abokan aikinta suka fitar da shi a Amurka a 2018. Abu 9 ake dubawa a jini, suga, albumin, kiriyatinin na ƙoda, fararen ƙwayoyin jini, CRP da sauransu, a haɗa da shekarun mutum. Akwai na DNA wanda Steve Horvath ya fito da shi a 2013, wannan kam ba na aljihunmu ba ne.

CRP ɗin nan shi ya ja mana. Alamar kumburi ce a jiki, ko wane zazzaɓi sai ya harba ta sama, ga shi Baba bai daɗe da tashi daga maleriya ba. A wurin gwajin, can cikin gari, kuɗi kawai aka karɓa aka zuƙi jini, babu wanda ya tambayi komai! Sai da muka je wajen wani likita a Unguwar Rimi, yana duba takardar ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ka yi zazzaɓi kwanan nan?" Tambayar kenan, ko sisi ba ta ci.

Da ya murmure aka sake, sai ta sauko 74. Mun ji sanyi, amma likita ya ce wannan ratar da ta rage ita ce abin dubawa. Hawan jini dama mun san da shi, suga ne ba mu sani ba. HbA1c, wato gwajin da ke nuna yawan suga a jini na 'yan watannin baya, in ya kai 6.5 ciwon suga ne, na Baba ya wuce 7, ƙoda ma ta fara nuna gajiya, mutumin da kullum da ƙafa yake zuwa masallaci yana cewa shi garau yake.

Duk mai son yi wa tsohonsa, don Allah a bari zazzaɓi ya wuce tukuna, kuma likita ya fara ganin takardar kafin 'yan guruf. Yanzu rigimarmu da Baba a kan shayi ce, ya rantse ba zai sha ba sukari ba.