Babin da ya ci mini wata shida a Istanbul

Jiya na miƙa kundina na digiri na biyu a karo na biyu, kuma an karɓa. Kafin in ɗaure kayana in bar Istanbul, bari in rubuta wa ƙannenmu masu zuwa karatun tarihi a nan abin da ya same ni, tun ɗacinsa bai bar bakina ba.

Kundin a kan jiragen fito ne da ke jigilar mutane tsakanin birnin da tsibiran Tekun Marmara, waɗanda Turkawa ke kira Adalar. Tara ne, amma huɗu jirgi ya fi tsayawa: Kınalıada, Burgazada, Heybeliada, da babbansu Büyükada. A zamanin Rumawa can ake jefa 'ya'yan sarautar da fada ta yi fushi da su. Da jirgi mai tururi ya fara zuwa akai-akai a 1846, sai masu hali suka shiga gina gidajen katako na hutun lokacin zafi. Abin da na so in nuna ke nan, cewa jirgin ne ya mai da wurin horo ya zama unguwa.

A babi na uku na yi tuntuɓe. Duk wanda ya leƙa wannan fanni ya san Şirket-i Hayriye, kamfanin jiragen fito, kuma kamfanin hannun jari na farko a Daular Usmaniyya, wanda aka kafa a 1851. Sunansa ya cika littattafai, sai na ɗauka duk jirgin da ya tashi daga birnin nasa ne. Takardun zamanin kuwa da haruffan Larabci suke, domin sai a 1928 Turkiyya ta koma boko. Ni da na tashi da allo da ajami, haruffan ba baƙi ba ne a wurina, har 'yan ajinmu Turkawa kan kawo mini shafi in duba musu. Wannan ya sa na riƙa wuce takarda da gudu. Duk inda na ga kalmar "idare", wato hukuma, sai in fassara ta da hukumar gudanarwar kamfanin. Ashe İdare-i Mahsusa ake nufi, hukumar jiragen ruwa ta gwamnati. Ita ke riƙe da layin tsibirai a zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, kamfanin kuwa mashigin Bosforus ne fagensa. Na cika shafuka ina yabon 'yan kasuwa a kan aikin da gwamnati ta yi.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma sau uku na kai wa malamin da ke duba aikina wannan babi, sau uku ya mayar mini da sa hannunsa a shafin farko, ya ce in ci gaba. Ranar kare kundi, wata farfesa ta zaro kwafin tsohon jadawalin tafiyar jiragen tsibirai, ta ɗora yatsa a kan sunan da ke samansa, ta ce in karanta da ƙarfi. Na karanta, na ji gumi yana bin bayana. Na waiwaya wajen Malam, sai na ji yana gaya wa kwamitin cewa ya sha ja mini kunne a kan wannan wuri. Wallahi bai taɓa ba, ko sau ɗaya.

Aka ƙara mini wata shida. Tallafin karatu ya ƙare, na koma yi wa 'yan kasuwarmu masu saro kaya tafinta a unguwar Laleli don in biya haya.

A cikin watannin nan ne na yi abin da ya kamata in fara da shi: na riƙa hawa jirgin. Daga tashar Kabataş zuwa Büyükada kamar awa ɗaya da rabi ne. Wata safiya na dace da jirgin Paşabahçe, wanda aka ƙera a Taranto ta Italiya a 1952, aka gyara shi ya dawo aiki a 2022. Ina riƙe da ƙaramin kofin shayi, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren simit, wato burodi mai riɗi, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgi ya tambaye ni abin da nake rubutawa. Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, tun asali gida biyu ne," ya lissafa mini da yatsu yadda hukumar ta yi ta sauya suna, ta zama Seyr-i Sefain a 1910, layukan cikin birni suka koma Akay a 1933, kafin gwamnati ta haɗiye kamfanin a 1945. Yau suna ɗaya ne a jikin jiragen duka, Şehir Hatları, shi ya sa baƙo ba ya ganin inda aka yi ɗinkin. Na koma ma'adanar takardu na bi zancensa ɗaya bayan ɗaya, na tarar haka yake.

Sauran gajeru ne. Duk gyaran da malami ya ba ka, ko ya ce babu gyara, ka nemi ya rubuto ta imel. Ka ɗauki hoton takarda tare da lambarta. Idan iska mai ƙarfi da suke kira lodos ta taso ana soke tashin jirage, kada ka sa alƙawari a tsibiri ba ka duba yanayi ba.

Sabon babi na uku ni kaɗai na rubuta shi, kuma farfesar nan ta nemi izinina ta ba ɗalibanta su karanta. Malam ya miƙo mini hannu jiya a bakin ofis, na karɓa, na gaishe shi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Har yanzu ina jiran ya ambaci ranar nan.