Inda na kai da takardar ƙirgen besbol: maganar matsakaicin bugu

'Yan uwa masu koyon rubuta wasan besbol da hannu, ga inda aka kwana a nawa ɓangaren. Hannuna ya fara sabawa da takardar ƙirge. Lambobin masu tsaron fili daga 1 zuwa 9 sun zauna a kaina, har idan mai lamba 6 ya tsinci ƙwallo ya wurga wa mai lamba 3 da ke tsaron tashar farko (ta farko cikin tashoshi uku da mai bugu ke zagayawa ya dawo gida ya ci maki), 6-3 nake rubutawa ba tare da na leƙa jadawali ba. Harafin K na wanda ya kai sanda ya kuskure ƙwallo a karo na uku aka fitar da shi ne, K mai kallon baya kuma na wanda ya tsaya ƙyam har alƙali ya yanke masa hukunci. Wasannin gabashin Amurka da ake farawa da bakwai na yamma a can, sha biyun dare suke faɗowa a nan, shi ya sa yawanci maimaici nake bi washegari. Hakan ma ya fi wa mai koyo, tunda za ka iya tsayar da hoto ka kammala rubutu.

Abin da ya cinye min lokaci kwanan nan shi ne lambar nan da ake fara nunawa a ƙasan allo duk sanda mai bugu ya shigo, wadda ake rubutawa AVG, wato matsakaicin bugu. Lissafinta ba wuya. Ka ƙirga sau nawa ya bugi ƙwallo ya isa tasha lafiya, wanda shi ake kira bugu, ka raba da yawan tsayuwarsa da ake ƙirgawa. Wanda ya samu 3 cikin 10 yana da .300, kuma a manyan lig na Amurka wannan gwani ne. Wanda ya gangaro ƙasa da .200 ana cewa ya faɗa ƙasan layin Mendoza, sunan da aka samo daga Mario Mendoza, wani mai tsaron fili ɗan Meziko da sanda ba ta karɓe shi ba. Lambar tsohuwa ce ƙwarai. Henry Chadwick, ɗan jaridan nan haifaffen Ingila da ya taso da wasan kurket, shi ake jingina wa tsarin ƙirgen tun ƙarni na 19.

Matsalar tana cikin wannan "da ake ƙirgawa". Sai da na zo tara jimilla a ƙarshen wani wasa na ga ta da idona. Layin wani mai bugu yana da akwati huɗu: BB a na farko, BB a na biyu, sai ƙwallo sama da aka cafe, sai K. BB ɗin nan shi ne idan mai jifa ya kauce wa gurbin da ya kamata ƙwallo ta bi sau huɗu, sai a ba mai bugu tashar farko kyauta. A akwati biyun farko na ja layi daga gida zuwa tashar farko, a ɗayansu ma layin ya zagaye tashoshin duka ya dawo gida, na cike tsakiyar da biro alamar maki ya shiga. Amma a gurbin jimilla abin da doka ta ce in rubuta shi ne 0 cikin 2. Mutum ya hau tasha sau biyu cikin huɗu, ya kawo maki, matsakaicinsa kuma ya ragu a wannan daren.

Haka dokar take. Kyautar tasha ba ta shiga lissafin AVG, ba a sama ba, ba a ƙasa ba. Haka idan ƙwallo ta bugi jikinsa, haka idan ya sadaukar da kansa don abokinsa ya matsa gaba. An taɓa gwada akasin haka a 1887, aka riƙa ƙirga kyautar tasha a matsayin bugu, lambobi suka kumbura, aka janye bayan kaka ɗaya. Gibi na biyu kuma shi ne duk bugu ɗaya ne a wajen AVG, da wanda ya silale tsakanin masu tsaro ya kai ka tashar farko da ƙyar, da wanda ya tsallake katanga. Kamar mai shago ne da ke ƙirga yawan waɗanda suka yi ciniki, bai raba mai sayen ashana da mai sayen buhun shinkafa ba.

Don haka na ƙara gurbi biyu a gefen takardata. Na farko OBP, wato sau nawa mutum yake hawa tasha ta bugu ko kyauta ko bugun jiki, idan aka auna da yawan zuwansa bugu. Na biyu SLG, wanda ke ƙirga yawan tashoshin da bugunsa ya ci: ɗaya, biyu, uku, ko huɗu idan ya zagaye, a raba da yawan tsayuwarsa da ake ƙirgawa. Don in gwada ko hannuna ya iya, na ɗauko 'yan wasa biyu da suka yi hannun riga.

Luis Arráez ɗan Benezuwela ya ci kambun matsakaicin bugu shekara uku a jere da ƙungiya uku daban: Minnesota a 2022, Miami a 2023, San Diego a 2024. A 2024 ɗin yana da .314 da bugu 200. Kyle Schwarber na Philadelphia kuwa a 2023 .197 ya tashi da shi, ƙasan layin Mendoza ke nan. Wanda ya tsaya a nan zai ce ba ma a haɗa su. To amma Schwarber ya karɓi kyautar tasha 126, Arráez 24 kacal. Da ka zuba su a gurbin OBP sai ka ga .346 na Arráez, .343 na Schwarber. Kusan kunnen doki. A wajen tsallake katanga kuma 47 ne da 4, shi ya sa SLG ɗin Schwarber ya kai .474, na Arráez ya tsaya a .392. Na maimaita lissafin don in tabbatar ba idona ba ne. Tazarar nan ta .314 da .197 a AVG ta narke gaba ɗaya, har ta juya.

Ba sabon gani ba ne. Branch Rickey, shugaban ƙungiyar da ya kawo Jackie Robinson, baƙar fata na farko a manyan lig na zamani, ƙungiyar Brooklyn, ya yi wannan magana a mujallar Life tun 1954 tare da mai lissafinsa Allan Roth. Ƙungiyar Oakland ƙarƙashin Billy Beane ta gina tawagarta ta 2002 a kan sayen masu hawa tasha da kasuwa ta raina, kuma a kakar ta ci wasa 20 a jere. Mu ne dai muke isowa yanzu.

Duk da haka ban goge gurbin AVG ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa a jefar da shi. Ku duba wannan yanayi a takardarku: abokin wasa yana tasha ta biyu, an riga an fitar da mutum biyu, tashar farko babu kowa. Kyautar tasha ba za ta kawo shi gida ba, bugu ne zai kawo shi. A nan ina son Arráez, wanda aka fitar da K sau 29 kawai a 2024, fiye da Schwarber da aka fitar sau 215 a 2023. AVG yana amsa tambaya guda, kuma yana amsa ta da gaskiya: idan mutumin nan ya ƙare tsayuwarsa da sanda, sau nawa yake tsira? Laifin namu ne idan muka ɗora masa tambayar wane ne ya fi amfani ga ƙungiya.

Sannan akwai tarihin da ke rataye da lambar, wanda ni dai yana burge ni. Ted Williams na Boston ya shiga ranar ƙarshe ta kakar 1941 da .39955, wanda da an cike shi .400 ne, matakin da ba kasafai ake kaiwa ba. Ya buga wasa biyun ranar a Philadelphia, ya samu 6 cikin 8, ya gama da .406. Tony Gwynn ya kusanto da .394 a 1994, kakar da yajin aiki ya katse. Amma ku lura, OBP ɗin Williams a 1941 .553 ne, wato ya fi rabin zuwansa yana kan tasha, kuma ba a cika ambaton wannan ba.

Gargaɗi ɗaya ga masu ƙirga wasanni kaɗan irina. A tsayuwa 40, bugu 10 .250 ne, bugu 12 kuma .300. Ƙwallo biyu da suka faɗi taku ɗaya daga hannun mai tsaro sun isa su mai da matsakaicin ɗan wasa gwani. Wani lokaci ma hukuncin mai ƙirgen hukuma ne, ko ya rubuta bugu ko ya rubuta kuskuren mai tsaro. Shi ya sa lig ɗin ba ya ba da kambu sai mutum ya zo bugu sau 502 a kaka mai wasa 162. Kada ku yanke wa kowa hukunci da takardun mako guda.

Aikin da na ɗora wa kaina yanzu shi ne sa ɗigo a kusurwar kowane akwati don kowace jifa, in ga wa ke gajiyar da mai jifa ko da an fitar da shi. Mai son gwada gurbin OBP kuma, ga kakar 2004: Ichiro Suzuki ya yi bugu 262, ya karya tarihin George Sisler na 1920, da matsakaici .372. Barry Bonds yana da .362, da kyautar tasha 232, 120 daga ciki da gangan aka ba shi. Ku nemo sauran alƙaluman su biyun, ku raba da hannu kafin ku duba amsa.